Ciyawar da ke bayan akurkinka: wacce ce abinci, wacce ce guba?



Bara waccan, bayan girbi, na samu dawa mai araha a wata kasuwar ƙauye kusa da mu a nan Kaugama. Irin sharar masussuka ce, wadda ake tattarawa a ƙasa bayan an gama sheƙa. Na ce ai kaji ne za su ci. Na kai inji aka ɓarza, na haɗa da dusa da waken suya. Ba a yi sati biyu ba kajina masu ƙwai suka rage ci, ƙwai ya ja baya, wasu suka kama zawo, wasu in sun kwanta ba sa iya tashi. Na yi ta sayen magani, shiru. Bakwai suka mutu.

Wani dattijo maƙwabcina ne ya ɗebi ragowar dawar da ban ɓarza ba, ya baza a tafin hannunsa, ya ce, "Yaro, ka ga waɗannan? 'Ya'yan rai-ɗore ne da na tafasa. Ko akuya ba na ba wa wannan." Na ce, "Baba, ai muna cin kwaɗon tafasa." Ya ce, "Ganye kuke ci, ba 'ya'ya ba." Duk karatun da na yi, ranar na yarda araha ba ta ado.

Gaskiyar Baba ce. 'Ya'yan waɗannan ciyayi biyu suna lalata tsokar kaza, su rage mata ƙwai, na rai-ɗore ma sun fi muni. Gane su ba wuya: ganyen tafasa mai zagayayyen baki ne, shida a kowane sili, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne, in ka murza shi za ka ji wari. Kafin ka kai hatsi inji, ka baza shi a faifai ka duba.

Sauran da ya kamata ka tumɓuke a kewayen akurki da turke:

Zurma da bini-da-zugu. 'Ya'yansu guba ne ga kaji da dabbobi, ga shi mukan bar su a jikin danga.

Zaƙami, mai farar fure da 'ya'ya masu ƙaya. Daga ganye har 'ya'ya babu na ci.

Tumfafiya. Farin ruwanta yana cutar da ido da ciki.

Duman rafi, wanda ke yaɗuwa a bakin ruwa da fadama. Da rani, in ciyawa ta ƙare, tumaki da awaki kan ci shi su kama karkarwa da tangaɗi.

Amma ba kowace ciyawa ce abokiyar gaba ba. Rukuɓu da ganyen zogale suna da amfani ga kaji, suna ma sa gwaiduwar ƙwai ta yi ja. Sai dai ƙari ne a kan abinci, ba su ne abincin ba.

Mu koma ruwa. Duk ɗan ƙasar Hadeja ya san kacalla. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwa ya riƙa zama a kogi har da rani, kacalla ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa daga Hadeja har Nguru. In ta kama bakin tafkin kifinka, ta zama gidan macizai, guza da kwaɗi, kuma duk suna cin 'ya'yan tarwaɗa. A cikinta jan baki ke kwana, katantanwa mai jawo ciwon hanta ga shanu da tumaki ita ma nan take samun mafaka. Yanke ta a sama ɓata lokaci ne. Ka yanke ta ƙasa da saman ruwa don ruwa ya shanye kututturen, ko ka haƙe saiwar. Ita kuwa kainuwa, kar ka bari ta rufe tafki. In ta rufe, iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa, musamman da asuba. In ka ga kifi sun taso gaba ɗaya suna hamma, ka sauya ruwa nan take. Kuma don Allah kar a fesa maganin ciyawa kusa da tafki.

Akwai wani abin da ya shafe mu fiye da wasu. Da hunturu tsuntsaye kan taso daga Turai su sauka a dausayin Hadeja da Nguru, irin su Baturiya. Tsuntsayen ruwa na iya ɗauko murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a 2006, a jihar Kaduna. Don haka kar ka shayar da kajinka ɗanyen ruwan fadama, kar ka haɗa su da agwagin da ke zuwa rafi, kuma ka sa raga ta yadda tsuntsu ba zai shiga akurki ba. In ka ga kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kar ka yanka, kar ka kai kasuwa. Ka sanar da likitan dabbobi.

Hunturun nan dai shi ne lokacin da Niyukasil ke share kajin gida: koren kashi, murɗewar wuya, numfashi da kyar. Ba ta da magani, sai rigakafi. Lasota da Gumboro a ba su a kan lokaci, a ɗauko su cikin ƙanƙara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wani rigakafin Niyukasil mai jure zafi, I-2, wanda ya dace da ƙauyen da babu wuta. Kashin jini kuwa jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke haddasa shi. In buntun shinkafarka ya jiƙe, kwashe shi. Sabuwar kaza daga kasuwa a ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin 'yan uwanta.

Ni yanzu duk ranar Juma'a da safe nakan ɗauki fartanya in zagaya akurki da tafki, in share taku biyar ta kowane ɓangare. Inda babu duhuwa, ɓera da tunku ba sa samun wurin laɓewa. Abin da ban gane ba, in tsinko shi in kai wa Baba.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu daga asara.