Kafa shinge ba tare da haƙa rami ba

Mai sauraro, in awaki sun addabi lambunka na bayan gida, ba lallai sai ka haƙa rami ka zuba siminti ba kafin ka yi shinge. Kana iya buga sandunan ƙarfe kai tsaye cikin ƙasa. Ƙasar da aka haƙa aka mayar sako-sako take, amma ƙarfen da aka buga matse ƙasar gefensa yake yi, sai ta riƙe shi gam.

Da fari ku daidaita da maƙwabcinka kan iyaka, kada shinge ya jawo shari'a. Ka kuma tabbatar babu bututun ruwa ko wayar lantarki a ƙarƙashi. Sannan ka kafa sandunan kusurwa, ka ja igiya tsakaninsu don layi ya miƙe. Ka bar tazarar mita 2 zuwa 3 tsakanin sanduna. Kashi ɗaya cikin uku na kowane ƙarfe ya shige ƙasa: mai mita 2, a nutsar da kamar santimita 67. Ka ɗora guntun katako a kansa kafin ka sa guduma, don kada bakin ya lanƙwashe.

Lokacin da ya fi shi ne bayan an yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. To amma fa a jigawa mai rairayi ƙarfe ba ya kamawa sosai, a kan marmara kuwa ba ya shiga. Sandunan kusurwa da na ƙofa su ke ɗaukar nauyin waya, don haka ka tokare su, ko su kaɗai ka zuba musu siminti.