Zogale: Abinci ne ko magani?

Zogale, wanda a da ake yi wa kallon cimar talaka, yanzu ya zama hajar da ake sayar da garinta da shayinta har a Turai da Amurka.

Asalin itacen daga arewacin Indiya ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa, inda wasu ke kiransa zogala-gandi ko bagaruwar Makka.

A Jamhuriyar Nijar ana nomansa a lambunan da ke kewayen Yamai da yankin Maraɗi, kuma kasuwarsa kan buɗe a watan azumi, lokacin da ake neman kwaɗo da dambu domin buɗa-baki.

Me ya ƙunsa?

Kimanin kashi 25 cikin 100 na busasshen ganyen zogale sinadarin furotin ne mai gina jiki. Yana kuma ɗauke da bitamin A mai amfani ga ido, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata.

Wannan ne ya sa ma'aikatan lafiya ke ƙarfafa sanya shi a abincin yara da mata masu shayarwa.

To sai dai masana na jan hankali game da iƙirarin da wasu 'yan talla ke yi cewa yana warkar da ciwon sukari da hawan jini. Akasarin gwaje-gwajen da suka nuna yana rage sukari a jini, a kan dabbobi aka yi su.

Don haka mai irin wannan ciwo da ya ajiye maganin asibiti ya dogara da zogale kaɗai, yana wasa ne da ransa. Haka kuma ana gargaɗin mata masu juna biyu da su guji saiwarsa da ɓawonsa.

Yadda ake shuka shi

Ana shuka ƙwayarsa ko a dasa reshensa, kuma ƙwayar kan tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Yana jure fari, amma ba ya son ƙasar da ruwa ke kwantawa.

Manoma kan datse kansa idan ya kai kamar mita 1, domin ya yi rassa ya ba da ganye da yawa.

Daga cikin irin da ke saurin girma akwai PKM-1, wanda Jami'ar Aikin Gona ta Tamil Nadu da ke Indiya ta fitar a 1989.

Saye da adanawa

Darajar zogale na tattare ne da yadda aka shanya shi. Zafin rana na lalata bitamin ɗin da ke cikinsa, saboda haka a inuwa ya kamata a busar da shi, a wuri mai iska, nesa da ƙura.

Mai saye ya duba launi: gari mai kyau kore shar yake, wanda ya koɗe ko yake warin ruɓa kuwa, a bar shi. A Najeriya, a duba lambar hukumar NAFDAC a jikin wanda aka ƙunsa.

Ƙwayar ma na da nata amfanin. A ƙauyukan Sudan mata sun daɗe suna daka ta su zuba a ruwan kogin Nilu domin laka ta kwanta. Amma hakan ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ruwan kafin a sha.