Kalmar Mako: Brutally

A makon jiya wani ɗan aji biyar ya rubuta a insha'insa cewa shugaban ɗalibai ya yi masa magana "brutally" don ya makara. Malama ta ja wa kalmar jan layi, ta kuma rage masa maki. Ya zo yana ƙorafi, wai ai ya duba ƙamus. To, malama ce ke da gaskiya.

"Brutally" bayanau ce, tana faɗin yadda aka aikata abu. An ƙera ta daga sifar "brutal", aka liƙa mata "ly" a ƙarshe, shi ya sa harafin l biyu ne a cikinta. Masu rubuta guda ɗaya su gyara kafin jarrabawar WAEC. Ita kuwa "brutal" daga "brute" ta fito, wato dabba. Ke nan ma'anarta a yi abu da ƙarfin tuwo, babu imani babu tausayi, irin na dabba.

Ga inda ta dace. Ranar 16 ga Yuni, 1976, ɗalibai a Soweto ta Afirka ta Kudu suka fito zanga-zanga saboda an tilasta koyar da su da harshen Afrikaans. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta, yara suka mutu. A nan ne Bature zai ce, "The protest was brutally crushed." Kalmar da ta ɗauki nauyin wannan ta fi ƙarfin faɗan makara.

Abin da abokinmu ke nema shi ne "harshly", wato da kakkausar murya ko da tsanani. Mai yin haka yana iya kasancewa da kyakkyawar niyya. Akwai kuma "cruelly", wadda ke nuna mugunta da gangan, kamar a yi wa maraya dariya don takalminsa ya tsinke. Ba a taɓa jikinsa ba, amma an so ya ji ciwo.

Sai dai Turanci na da tasa rigimar. Za ku ji an ce wance "brutally honest" ce, alhali ba ta daki kowa ba. Nufinsu tana faɗin gaskiya tsirararta, komai ɗacinta. Haka suke cewa "brutally hot" ga irin ranar watan Afrilu da ke hana mu zama a aji bayan azahar. Abokinmu dai ya sake rubuta jimlarsa da "harshly", ya mayar wa malama.