Daga ɗaki zuwa dandamali: Wahalar da ɗan koyon waƙa ke sha kafin a tafa masa

A daren 21 ga watan Nuwamban 1934, wata yarinya mai shekara 17 ta hau dandamalin gidan wasa na Apollo da ke unguwar Harlem a birnin New York na Amurka. Rawa ta zo yi a gasar 'yan koyo. Amma da ta ga irin rawar da wasu 'yan'uwa mata, Edwards Sisters, suka taka kafin a kira ta, sai gwiwarta ta yi sanyi.

Ta tsaya ƙiƙam, 'yan kallo suka soma guna-guni. Da ta rasa tudun dafawa, sai ta buɗe baki ta rera waƙa. A daren ita ta zo ta ɗaya, ta karɓi dala 25.

Yarinyar ita ce Ella Fitzgerald, wadda daga baya ta lashe kyautar Grammy har 13. Ana yawan ba da labarinta don ƙarfafa wa masu tasowa gwiwa. Sai dai a duk Ella guda ɗaya, akwai dubbai da suka hau irin wannan dandamali suka sauka ba wanda ya tambayi sunansu. Wasu sun koma gida sun rataye jita a ƙusa. Wasu kuwa, mako na zagayowa, sun sake rubuta sunansu a layi.

Minti goma a gaban baƙin ido

A Amurka da Birtaniya ana kiran irin wannan dare "open mic", wato makirufo a buɗe yake ga kowa. Gidan shan kofi ko ƙaramin gidan cin abinci kan ware dare ɗaya a mako, galibi Litinin ko Talata da ciniki ba ya yawa. Mutum ya zo da wuri ya rubuta sunansa a takarda, ya zauna jiran a kira shi. Waƙa biyu ko uku, kimanin minti goma, shi ke nan. Ba a biyansa ko sisi, shi ne ma zai sayi abin sha.

Masu zuwa ba mawaƙa ba ne a sana'a. Akwai malamin makaranta, akwai direba, akwai ma'aikaciyar jinya da ta taso daga aiki, akwai dattijon da ya fara koyon kiɗa bayan ya yi ritaya.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon zuwa ba shi ne yawancin waɗanda ke zaune a gabansa su ma jiran layinsu suke. Kunnensu na wajensa, amma zuciyarsu na bitar tasu waƙar. Wanda ya gama tasa kuma sau da yawa ya saɓa jita ya fice. Wanda sunansa ya faɗo a ƙarshen takarda zai iya samun kansa ƙarfe 11 na dare yana rera waƙar da ya shafe wata uku yana koyo a gaban mutum huɗu da mai goge tebur.

Kafin yatsu su yi kanta

Wahalar tun a ɗaki take farawa. Jita tsarkiya shida gare ta, kuma wadda aka fi gani a irin waɗannan wurare tsarkiyarta ta ƙarfe ce. Makonnin farko kan yatsun hannun hagu zafi suke kamar an ɗora su a kan garwashi, sai sun yi kanta sannan a samu sauƙi. Idan mutum ya yi hutun wata guda, kantar ta baje, a koma gidan jiya.

Daga nan sai wani riƙo da makaɗa ke kira F, inda yatsa ɗaya zai danne tsarkiya shida a lokaci guda. Nan ne mutane da dama ke ajiye kayan. Kamfanin Fender mai ƙera jita ya taɓa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sababbin masu koyo suna dainawa cikin shekarar farko.

Wanda ya tsallake wannan sai ya tarar da wata: hannu na kiɗa, baki na waƙa, kowanne da nasa taki. Kiɗan zalla yana fita, waƙar zalla tana fita, amma da an haɗa su sai ɗaya ya taɗe ɗaya.

Yawancin 'yan koyon yau a YouTube suke ɗaukar darasi, kuma bidiyo ba ya cewa "tsaya, ka kauce". Mawaƙin gargajiya a ƙasar Hausa kan yi shekaru cikin 'yan amshi, yana bayan ubangidansa, idon jama'a ba a kansa yake ba, har muryarsa ta nuna. Ɗan koyon da ya tashi da waya a hannu ba shi da wannan inuwa. Ranar farko da zai fuskanci jama'a, shi ne a gaba, kuma shi kaɗai ne.

Inda hadda ke watsewa

Koken da aka fi ji daga bakin 'yan koyo shi ne a gida waƙar tana zuwa tsaf, amma da an kira suna sai ta gudu.

Akwai dalili. Idan tsoro ya kama mutum, jiki kan saki sinadarin adiranalin. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya jiƙe, yatsu su kama rawa. Wannan shiri ne na gudu ko kokawa, ba na danna siririyar tsarkiya a daidai wurinta ba. Shi ya sa sabon shiga kan fara waƙa da sauri fiye da yadda ya koye ta, har numfashi ya gaza masa a tsakiyar baiti.

Ga kuma yadda ake haddar. Mai koyo kan maimaita waƙa daga farko zuwa ƙarshe sau ɗari, kowane layi shi ke janyo na bayansa kamar sarƙa. Idan wani ya yi tari, ko kofi ya faɗi, mahaɗi ɗaya ya tsinke, sauran duk sun zube. Hanya ɗaya da ya sani ita ce komawa farko. Saboda haka ne malaman kiɗa ke matsa wa ɗalibai su koyi fara waƙa daga tsakiya, daga baiti na biyu, daga amshi, domin a sami wurin kamawa idan an zame.

Muryar ma kan zo wa mutum a baƙuwa. Wanda ya saba jin kansa a ɗaki, idan ya ji muryarsa na dawowa daga lasifika, sai ya ja baya daga makirufo don kunya, muryar ta ƙara shaƙewa.

Ƙwararru ma ba su tsira ba. A 1967 Barbra Streisand ta manta baitin waƙa a gaban dubban mutane a filin Central Park na New York, kuma abin ya sa ta kusan ƙaurace wa manyan tarukan waƙa na kuɗi har kimanin shekara 27. Wani bincike da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1980 kan makaɗa fiye da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa ya gano kashi 27 cikin 100 sun taɓa shan maganin rage bugun zuciya saboda fargabar hawa dandamali. Waɗannan mutane ne da kiɗa ne abincinsu.

Gidan shiru da gidan eho

Ba duk dandamali ne halinsu ɗaya ba. A birnin Nashville na jihar Tennessee akwai Bluebird Cafe, ɗan ƙaramin wuri mai kujeru kusan 90 da aka buɗe a 1982. Daren Litinin na 'yan koyo ne, kuma waƙar da mutum ya rubuta da kansa ake so. Dokar gidan shiru ce: wanda ya yi surutu ana waƙa, za a tsawatar masa.

Da jin haka sai a ɗauka wurin da sauƙi. Amma a ɗakin da ba a jin ko motsin cokali, kowace tsarkiya da aka danna ba daidai ba sai ta kai kunnen na kujerar ƙarshe. Kuma tafin ladabi da ake yi wa kowa ba ya gaya wa mutum komai. Zai iya shekara yana zuwa, ana tafa masa, bai san waƙarsa ba ta kama kowa ba.

A Apollo ba a wannan kara. Tun da Ralph Cooper ya fara daren 'yan koyo a 1934, wanda bisa al'ada ake yi ranar Laraba, 'yan kallo ne alƙalai. Gidan na ɗaukar mutum kusan 1,500. Wanda ya burge su a yi masa sowa, wanda bai burge ba a yi masa eho. Idan ehon ya yi yawa sai jiniya ta tashi, wani mutum cikin shigar barkwanci ya fito yana rawa, ya kore shi daga dandamali, wani lokaci da tsintsiya. Sunan da suka ba wannan muƙami da Turanci, ma'anarsa Hauni.

Lauryn Hill tana da shekara 13 ta gamu da wannan taro, a shirin talabijin na gidan. Ta ɗauko waƙar "Who's Lovin' You", muryarta na rawa, tana nesa da makirufo. Eho ya tashi. Ta matso kusa, ta ci gaba, ba ta tsaya ba har ƙarshe, kuma kafin ta sauka tafi ya rinjayi ehon. Bayan fage ta fashe da kuka. A 1999 ta kwashe Grammy biyar a dare ɗaya.

A yi wa yarinya ƙarama eho a bainar jama'a ba abin yabo ba ne, ko da ta zama tauraruwa daga baya. Ba a ƙirga waɗanda irin wannan dare ya rufe wa baki har abada ba, domin su ba a yin shiri a kansu. Abin da kawai za a ce shi ne a Apollo mutum ba ya komawa gida da shakka.

Wanda ya fi shahara a muƙamin Haunin shi ne Howard Sims, ɗan rawar da ake wa laƙabi da Sandman saboda a kan yashi yake taka rawarsa. Ya shafe gomman shekaru yana korar 'yan koyo kafin rasuwarsa a 2003. An ruwaito cewa da an sauka bayan labule, shi ne kuma ke zama yana rarrashin wanda ya kora, yana ba shi nasa labarin: lokacin da shi ma yake ɗan koyo, sau goma ana sauke shi daga wannan dandamali kafin a bar shi ya kai ƙarshen rawarsa. Daga nan ya lashe gasar sau 25, har sai da gidan ya kafa dokar taƙaita yawan nasarar da mutum ɗaya zai iya yi.