Suna Biyu, Magani Ɗaya: Haɗarin Ninka Magani Ga Majiyyaci

Sau da yawa majiyyaci yakan ga likita da safe a rubuta masa magani, da yamma kuma ya biya kemis a ƙara masa wani, alhali kuwa abu ɗaya ne aka ba shi sau biyu, sunan kwali ne kawai ya bambanta.

Alal misali, ƙwayar Panadol farasitamol ce. Haka kuma yawancin magungunan mura, irin su Procold, akwai farasitamol a cikinsu. Iyakar abin da aka yarda baligi ya sha a yini shi ne giram 4, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda ya haɗa biyun yana iya zarce wannan iyaka bai sani ba, hantarsa kuwa ita za ta ji jiki.

Haka abin yake ga magungunan ciwon gaɓoɓi. Voltaren da Cataflam duk dikilofenak ne, Brufen kuwa ɗan'uwansu ne, aikinsu iri ɗaya. Haɗa su ba ya ƙara wani sauƙi na a zo a gani, sai dai ya jawo gyambon ciki, da zubar jini, da lalacewar ƙoda, musamman ga tsofaffi. Garin neman ƙiba ke nan a samo rama.

Maganin wannan matsala shi ne bin diddigin yadda ake amfani da magunguna. A Amurka an kafa doka a 1990, wadda ta fara aiki a 1993, game da shirin Medicaid na kula da lafiyar marasa galihu. Dokar ta wajabta wa mai haɗa magunguna ya duba abin da majiyyaci yake sha kafin ya miƙa masa sabo, ko akwai maimaici, ko waɗanda ba sa jituwa. Daga baya kuma kwamitin likitoci da masu haɗa magunguna na kowace jiha yakan sake bin bayanan, ya ankarar da likitan da ya yi kuskure.

A nan Nijeriya, inda mutum ɗaya kan yi kati a asibitoci biyu ko uku, kowanne da nasa fayil, babban nauyin yana wuyan majiyyaci da danginsa. Saboda haka, mai karatu, in za ka ga likita, tattara duk magungunan da kake sha ka tafi da su, har da na kemis da na gargajiya. Ka kuma roƙi a karanta maka sunan sinadarin da ke jikin kowane kwali kafin ka kai ƙwaya baki.