Idan Fetur Ya Gagara, Me Zai Kai Masarar Karfi Kasuwa?

Buhun masara ba shi da ƙafa. Kafin ya tashi daga gona a Karfi ya isa kasuwar Malumfashi ko ta Funtua, sai an ɗora shi a babur ko a-kori-kura, daga can kuma tirela ta kwashe shi zuwa Kano ko Legas. Duk waɗannan sai sun sha mai. Injin casa yana sha, injin niƙa yana sha, haka ma injin ban ruwan da mai noman rani ya girke a bakin fadama. Shi ya sa duk ranar da kuɗin mai ya motsa, sai mu ji a kuɗin motar zuwa makaranta, mu ji a kwanon tuwo.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a garuruwa da yawa. Ga shi kuwa a Nijeriya aka gano ɗanyen mai tun 1956 a Oloibiri. Sai dai a kasuwar duniya ake yanke farashinsa, da dala, manomin Karfi ba shi da ta cewa. To, akwai abin da zai iya maye gurbin fetur? Hanyoyi uku ake gwadawa, kowace da alfanunta da kuma cikas ɗinta.

Hanya ta farko: iskar gas

Wannan ita ce ake kira CNG. Iska ce da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, a matse ta da ƙarfin gaske a cikin tukunya ta musamman. Ba sai an sayi sabuwar mota ba: ƙwararren bakanike zai ɗaura wa tsohuwar tukunya da bututu, ta riƙa aiki da gas ko da fetur. Ta fi fetur araha, hayaƙinta kuma bai kai nasa ba. A 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da ita, tun 2020 kuma aka soma shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano.

Cikas ɗin shi ne direban da ke jigila tsakanin Funtua da Malumfashi ba zai amfana ba sai da gidan da zai cika tukunyarsa a kan hanyarsa. Sannan a kula, tukunyar gas ɗin girki ko wadda aka yi wa walda a bakin titi ba za ta jure wannan matsin ba. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta yi bindiga a wani gidan gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar da aka sa mata ba ta ƙa'ida ba ce.

Hanya ta biyu: man da ake nomawa

Da tsohuwar zuma ake magani. A baje kolin birnin Faris na ƙasar Faransa a 1900, an kunna injin dizal da man gyaɗa, ya kuwa yi aiki. Ƙasar Birazil ta ɗauki irin wannan dabara da gaske a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973. Ta riƙa tatsar ruwan rake, a bar shi ya yi tsami, a tace sinadarin itanol a zuba wa mota. Tun 2003 ake sayar da motoci a can da ke shan fetur ko itanol, ko duka biyun a gauraye. Nijeriya ma ta fitar da manufar gauraya kashi 10 cikin 100 na itanol a fetur a 2007.

Mu a yankinmu muna da rake da takanɗa da rogo, ga angurya daga audugar Funtua, ga bini-da-zugu da ake shinge da shi. Amma gonar ɗaya ce. Amurka tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na masararta itanol. Mu da masara ce tuwonmu, idan muka zuba ta a tanki me za a tuƙa da dare? Anguryar ma ita shanu ke ci da rani. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ba a ci, kamar 'ya'yan bini-da-zugu, ko kashin shanu da ake rufewa a rami ya fitar da iskar girki.

Hanya ta uku: lantarki

Injin fetur maɓarnaci ne. A cikin ƙarfin da ke lita ɗaya, abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba ne kawai ke juya taya, sauran ya tafi a zafi. Motar lantarki kuwa batir ne ke ba na'urar da ke juya tayoyinta wuta, kuma mafi yawan ƙarfin yana tafiya ne a aiki. Ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a juye mata baƙin mai.

Kada ku ɗauka wannan aikin Turawa ne kaɗai. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt mai aiki da batir a kamfanin General Motors na Amurka. A zamanin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa aka ƙaddamar da motar lantarki ta Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas a 2020, a 2021 kuma aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir. Ƙasar Habasha, wadda ke samun lantarkinta daga madatsun ruwa, ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a 2024.

Tambayar da za mu yi ita ce, ina wutar? Wanda ya yi cajin motarsa da janareta mai shan fetur, an gudu ba a tsira ba. Batir kuma shi ne mafi tsada a jikin motar, zafi yana rage masa kwana, idan ya mutu aka jefar a juji zai gurɓata ƙasa da ruwa.

Ta ina Karfi za ta fara?

A ganinmu, da ƙananan injuna za a fara. Babbar motar lantarki tana bukatar wuta mai yawa da kuɗi masu yawa. Injin ban ruwa kuwa 'yan farantan sola sun ishe shi, kuma lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙwallewa. Daga nan sai babur da a-daidaita-sahu, waɗanda tafiyarsu gajera ce, batirinsu ƙarami, har ana iya cire wanda ya ƙare a sa cikakke a shagon caji.

Duk waɗannan na'urori za su lalace wata rana, kuma ba mai ɗaukar injin ban ruwa daga Karfi ya kai Legas gyara. Bakaniken da ya ƙware a kabureta zai bukaci yaron da ya san waya da batir. Darasin lantarki na Fiziks da darasin sinadarai na Kemistiri da kuke haddacewa don jarrabawa, su ne jarin wannan sana'a.

Ga aikin da za ku gwada a wannan makon. Ku tambayi wani mai noman rani lita nawa injinsa ke sha a mako, da kuma mako nawa yake ban ruwa kafin girbi. Ku ninka da farashin lita na yau. Sannan ku tambayi kuɗin injin ban ruwa na sola a shagon masu sayar da shi, ku raba da adadin da kuka samu. Amsar za ta nuna muku noman rani nawa za a yi kafin injin ya biya kuɗinsa. Ku kai wa malaminku na lissafi ya duba, ku kuma nuna wa manomin.