Ko Kun Sani? Baƙin Giris Ɗin Kan Shaf

Ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" da mota ke yi in direba ya karya kwana yawanci daga kan shaf take fitowa, wato mahaɗar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba. Wani injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1920, kuma ƙwallayen ƙarfe shida ne ke yawo cikinta.

Robar da ta rufe ta ce garkuwarta. Da ta yage, ƙurar hunturu irin ta hanyar Paraku zuwa Jugu, ko jar ƙasar ƙauyuka, sai ta cakuɗe da giris ta koma tamkar dutsen wasa wuƙa. Shi ya sa ɗura sabon giris kan tsoho asarar kuɗi ce. Bakanike na ƙwarai yakan kwance mahaɗar, ya goge da tsumma, ya wanke da kalanzir, ya bari ta bushe sarai. Giris ɗinta ma na daban ne: sinadarin molibdenum ke sa shi baƙi, don ya jure matsi.

Direba, riƙa leƙa robar nan duk sanda za ka canja man inji.